Nazarin Lamari: Dogon Kaktus da Ya Ruɓe Daga Gindi a Cikin Falo, da Yadda Aka Ceto Shi

Kaktus tsiro ne mai ƙaya da ke adana ruwa a jikinsa. Wanda ake magana a kansa irin mai miƙewa sama ne sambal kamar ginshiƙi, wanda masu sayar da tsirrai ke kira Cereus peruvianus. Sunan nan ya daɗe yana yawo a kan takardun da ake maƙalawa jikin tukwane, amma masana sun fi amfani da Cereus repandus, kuma sau da yawa abin da ke cikin tukunyar ma ɗan'uwansa ne, Cereus hildmannianus ko Cereus jamacaru. Ga mai renonsa a ɗaki bambancin bai taka kara ya karya ba, domin duk 'yan Kudancin Amurka ne, duk rana suke so, kuma abu ɗaya ke kashe su a cikin gida. A inda ya fito yakan kai mita 10, ya yi rassa kamar bishiya, ya buɗe farin fure da dare. A falo kuwa, abin da ake nema a wurinsa bai wuce ya tsaya da ƙafarsa, ya riƙe kaurinsa, ya ƙara 'yan santimita a shekara ba.

Halin da aka same shi

Tsawonsa daga bakin ƙasa santimita 110 ne, kaurinsa a tsakiya santimita 9, yana da kunyoyi shida masu gangarowa daga kai zuwa gindi. Wata 14 ya yi a lungun falo, mita uku daga taga, tagar kuma tana da labule mai shara-shara da ba a cika yayewa ba. Da aka sayo shi yana cikin ƙaramar tukunyar roba mai faɗin santimita 15. Aka ga ba ta dace da girmansa ba, aka mayar da shi wata babbar tukunyar tangaran mai sheƙi, faɗinta santimita 35, mai cin kusan lita 25. Ba ta da rami a ƙasa. Don a rufe wannan gibin aka zuba tsakuwa mai kaurin santimita 5 a gindinta, aka cika ta da baƙar ƙasar buhu ta furannin ɗaki, aka lulluɓe saman da fararen duwatsun ado.

Ruwa kuwa, rabin lita ake ba shi duk mako, a zuba daidai gindinsa. Mai shi ya san kaktus ba ya son ruwa da yawa, shi ya sa ya taƙaita, kuma a ganinsa rabin lita a tukunya mai girma haka ba komai ba ne. Sai dai in aka yi lissafi, makonni kusan 60 sun ba da lita 30 a cikin mazubin da ba shi da ƙofar fita, wanda kuma aka toshe samansa da duwatsu.

Abin da ya ja hankali shi ne karkatar da ya fara yi. Da farko an zaci taga yake bi. Da aka tokare shi da sanda ya ƙi tsayuwa, aka sunkuya aka duba, sai ga gindin ya yi launin ƙasa-ƙasa mai duhu har tsawon santimita 12.

Abin da jikinsa ke faɗa

Akwai alamomi uku a jikinsa, kuma ba abu ɗaya suke nufi ba, don haka dole a rarrabe su.

Na farko shi ne gindin. Tsohon kaktus mai lafiya ma yakan yi ɓawo mai launin ƙasa a ƙasansa, kamar na itace, saboda nauyin da yake ɗauka. Wannan ba cuta ba ce. Yadda ake gane bambanci shi ne da yatsa: a danna tsakanin kunya da kunya, inda babu ƙaya. Ɓawon tsufa yana da tauri, busasshe ne, launinsa mai haske. Ruɓa kuwa tana lotsawa. A wannan lamarin yatsa ya shige kamar a jikin nunannen 'ya'yan itace, wani ruwa mai yauƙi ya tsatso, da wari mai tsami. Daga nan babu sauran tantama.

Na biyu shi ne kan. Santimita 20 na sama sun sirance daga kauri 9 zuwa 4, launinsu kore ne mai haske kamar na sabon ganye, ƙayoyin wurin ƙanana ne kuma sun yi nesa da juna. Mutane da yawa suna ganin wannan su yi murna, wai ya yi saurin girma. Ba girma ba ne, yunwar haske ce. Tsiron da ba ya samun rana yakan miƙa jiki yana laluben ta, ya sadaukar da kauri don tsawo. Abin takaicin shi ne wurin da ya sirance ba ya sake kumbura har abada. Ko an kai shi rana gobe, sabon girman da zai biyo baya ne kawai zai yi kauri, siririn wuyan yana nan.

Na uku, kunyoyin tsakiya sun ɗan motse, fatar ta yi tamoji. Wannan ce alamar da ta fi yaudara, kuma ita ta sa a makonnin ƙarshe aka ƙara masa ruwa. Gaskiya ne yana jin ƙishirwa, amma ba don ƙasar ta bushe ba. Saiwoyin da za su sha ne suka mutu. Kaktus mai tamoji a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kusan kullum labarin saiwa ne, ƙarin ruwa kuma gishiri ne a kan ciwo.

Kafin a taɓa wuƙa akwai tambaya ɗaya da ya kamata a amsa: kaktus ne na gaskiya? Akwai dangin tinya da ƙerana, wato Euphorbia, waɗanda ke kama da shi ƙwarai har ana sayar da su da sunansa. Su in aka soke su farin ruwa kamar madara ke fita, mai ƙona fata, mai haɗari ga ido. Kaktus na gaskiya ƙayoyinsa daga wani ɗan gurbi mai laushi kamar auduga suke fitowa, ruwan Cereus kuma garai yake. An soka allura a gefe, ruwa garai ya fito, gurabun ƙaya kuma suna nan a jere a kan kowace kunya.

Da aka zazzage tukunyar

An naɗe jikinsa da tsofaffin jaridu ninki da yawa, aka ɗaure da igiya a wuri biyu, mutum ɗaya ya riƙe shi da safar hannu mai kauri, ɗayan ya kwantar da tukunyar. Santimita 4 na saman ƙasar a bushe suke ƙayau, kuma wannan ne ya riƙa ruɗin mai shi duk lokacin da ya tura yatsa. Ƙasa da nan sai danshi, can ƙasa kuma laka. A cikin tsakuwar gindi ruwa ne kwance, baƙi, mai wari. Saiwoyin ba su taɓa fita daga siffar tsohuwar tukunyar roba ba. Dunƙule ne mai faɗin santimita 15 a tsakiyar tekun jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma da aka ja su sai fatarsu ta saɓule ta bar zare. Saiwa mai rai fara ce ko mai launin madara, tana da ƙarfi. Babu ko ɗaya irinta.

A nan ne ya kamata a tsaya a fahimci abin da ya faru, domin wanda ya ce ruwa ne ya yi yawa ya faɗi rabin gaskiya kawai. Kaktus a dajinsa yana shan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, bai kuma ruɓe ba. Abin da ke kashe shi ba yawan ruwan da ya shiga ba ne, tsawon lokacin da saiwa ke zama a jiƙe ne. Saiwa tana numfashi. Iskar da take shaƙa tana cikin 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, in ruwa ya cike su kwana da kwanaki sai ta shaƙe ta mutu. Mataccen nama kuma shi ne ƙofar da ƙwayoyin cuta irin su Fusarium, Pythium da Phytophthora ke bi, sannan bakteriya masu narkar da nama su biyo baya da warinsu.

Abubuwa huɗu suka haɗu suka hana ƙasar bushewa. Rashin rami shi ne babba. Tsakuwar gindi ba ta maye gurbinsa ba, kuma wannan kuskure ne da ya yaɗu sosai. Ko a tukunya mai rami ma, ruwa ba ya saurin sauka daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ƙasar ta ƙoshi, don haka abin da tsakuwar ke yi shi ne ɗago jiƙaƙƙen sashen zuwa sama, kusa da saiwa. Sai girman tukunyar: duk ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba, babu mai shanye ruwanta. Sai ita kanta ƙasar buhun, wadda aka haɗa don tsirrai masu faɗin ganye da ke son danshi, tana riƙe ruwa kamar soso.

Na huɗun shi ne wanda aka fi mantawa, wato duhu. Tsiro da haske yake shan ruwa. Kaktus yana buɗe ƙofofin numfashin fatarsa da dare, ya ɗauki iskar kabon ya adana ta a matsayin wani sinadari mai tsami, da rana kuma ya rufe ƙofofin ya yi amfani da hasken ya sarrafa abin da ya tara. In babu isasshen haske wannan aikin yana tafiya a hankali ƙwarai, buƙatar ruwa ta ragu. Tsakar rana a fili haske yakan kai luks 100,000, luks kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin haske. Lungun ɗaki mai nisan mita uku daga taga mai labule sau da yawa 'yan ɗaruruwa ne kawai. Idon mutum yana sabawa da wuri ya ga ɗakin fes, amma ga kaktus magariba ce da ba ta ƙarewa. Saboda haka siririn kan da ruɓaɓɓen gindin ba cuta biyu ba ne, tushensu ɗaya.

Aikin wuƙa

Da a ce saiwoyi kaɗai suka lalace, gindin na da tauri, da sai a aske matattun, a shanya shi mako guda a inuwa, a sake dasawa a busasshiyar ƙasa. Amma ruɓar ta shiga jiki, kuma in ta shiga babu maganin feshi da ke dawo da naman da ya narke. Hanya ɗaya ta rage: a yanke sashen da ke da lafiya a mayar da shi sabon tsiro.

Kayan aikin ba su da yawa. Doguwar wuƙa mai kaifi marar haƙora, sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, tsumma mai tsabta, garin farar wuta, da katako mai tsabta da za a kwantar da shi a kai. Wuƙa mai haƙora irin ta zarto tana yayyaga nama ta bar rauni mai wuyar warkewa.

An yi yankan farko a santimita 20, wato 8 sama da inda duhun ya tsaya a waje. Fuskar yankan tana da siffar tauraro mai kusurwa shida, naman kore ne mai haske. A tsakiya akwai zobe, wanda shi ne jijiyoyin da ke kai ruwa sama. A jikin zoben nan aka ga ɗige-ɗige masu launin tsatsa guda biyar. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a yarda da abin da ido ke gani a waje: cutar tana hawa ta cikin jijiya, tana gaba da alamarta ta fata da tazara mai yawa. Aka goge wuƙar da sifirit, aka sake yanka a 25. Ɗige uku. A 30, ɗaya, ƙarami kamar kan allura. A nan ne hannu ke rawa, domin kowane yanka yana rage tsawon da aka yi shekaru ana tarawa, zuciya kuma tana cewa wannan ɗan ɗigon ai zai bushe. Ba ya bushewa. Aka yanka a 34, zoben ya fito fari tas, sannan aka ƙara santimita 2 don kariya. Goge wuƙa tsakanin kowane yanka ba al'ada ba ce kawai, in ba a yi ba wuƙar ce da kanta za ta shafa cutar a kan nama mai lafiya.

Abin da ya rage santimita 74 ne. Daga nan aka fiƙe gefen yankan, wato aka sassabe ƙarshen kowace kunya a karkace kamar ana fara fiƙe fensir, santimita ɗaya da rabi. Dalilin shi ne naman ciki yana motsewa in ya bushe amma fatar waje ba ta motsewa. In aka bar shi a shafe, tsakiyar za ta lotsa ciki kamar kwano, zoben da saiwa mafi ƙarfi ke fitowa daga gare shi ya yi nesa da ƙasa, kwanon kuma ya zama matattarar danshi. An barbaɗa farar wuta sama-sama, aka kakkaɓe abin da ya yi yawa.

An yi shawara a kan siririn kan, ko a cire shi a lokaci guda. An bar shi, kuma hakan ya fi. Tsiron da ba shi da saiwa yana rayuwa ne da ruwan da ke jikinsa, rauni biyu kuma ƙofa biyu ce ta asarar ruwa da shigar cuta. Gyaran siffa zai iya jira. Tsohon gindin, da ƙasar, da tsakuwar duk an zubar da su a shara, ba a kan tarin taki ba.

Makonnin jira, da kuskuren da aka yi a ciki

Ana so raunin ya bushe ya yi ɓawo mai tauri kafin ya taɓa ƙasa. Wurin da ya dace shi ne mai haske amma ba rana kai tsaye ba, mai iska, mai ɗumi. Kuma a tsaye ake ajiye shi. Dogon kaktus in aka kwantar da shi makonni, kansa yana lanƙwasowa sama, wani lokaci ma saiwa ta tsiro a gefen da ke kallon ƙasa.

An tsayar da shi a cikin wani bokiti marar komai, aka jingina shi da bango. A rana ta biyar da aka ɗaga don dubawa, sai ga wani baƙin tabo mai laushi a gefe ɗaya da ɗan furfurar ruɓa a kansa. Ba tsohuwar cutar ba ce ta dawo. Raunin ne ya zauna daram a kan gindin bokitin, iska ba ta ratsa shi, ruwan da yake fitarwa ya taru a ƙarƙashinsa. Aka sake yanke santimita 3, aka sake fiƙewa da barbaɗa farar wuta, tsawo ya koma 71. Wannan karon an gitta sanduna biyu a bakin wata tukunyar yumɓu, aka ɗora shi a kai ta yadda raunin ke rataye a iska, aka ɗaure saman da tsumma a jikin ƙusa. A makon farko dubawa kullum wajibi ne, domin da an bar shi mako biyu ba a ɗaga ba, da asarar ta fi santimita 3 nesa ba kusa ba.

Siririn reshe yakan warke cikin mako ɗaya ko biyu. Mai kaurin santimita 9 yana buƙatar wata guda ko fiye, kuma in iska na da laima lokacin yana ƙaruwa. Wannan ya ɗauki mako biyar. Alamar ya kai ita ce fuskar yankan ta zama fari-fari mai launin toka, in aka ƙwanƙwasa da farce ta yi ƙara kamar busasshen ɓawo, babu wurin da ke da sanyi ko laushi. Gaggawa a wannan matakin ta kashe yankakkun kaktus da yawa, jinkiri kuwa da wuya ya kashe ko ɗaya. Jiki mai wannan girman zai iya yin watanni babu saiwa.

Sabuwar tukunya da fitowar saiwa

An zaɓi tukunyar yumɓu marar fenti, faɗinta santimita 16, mai rami a ƙasa. Yumɓun da ba a shafe ba yana fitar da danshi ta jikinsa, yana kuma da nauyin da ke hana dogon tsiro kifewa. An rufe ramin da ɗan yankin raga don kada ƙasa ta zube, ba a sa tsakuwa ba.

Haɗin ƙasar kashi huɗu ne: biyu na famis, wato dutsen aman wuta mai sauƙi mai ramuka, ɗaya na ƙananan tsakuwa masu girman milimita 2 zuwa 5, ɗaya na ƙasar tukunya da aka tankaɗe aka cire manyan ɓaraguzai. Inda babu famis, farin dutsen nan marar nauyi da ake kira falayit yana yi, sai dai yakan taso sama in an yi ban-ruwa. Abin da ba a so shi ne lallausan yashi. Mutane suna haɗa kaktus da hamada a ransu su ɗebo shi, alhali a cikin tukunya cike ramukan iska yake yi, ya daskare. Gwajin haɗi mai kyau mai sauƙi ne: a jiƙa shi, a damƙa a hannu, a buɗe. In ya warwatse ya yi, in ya tsaya a dunƙule a ƙara dutse.

An dasa shi a busasshen haɗin, zurfin santimita 5 kacal. Binne shi da zurfi don ya tsaya kuskure ne, domin koren jikin da ke cikin ƙasa shi ke fara ruɓewa. Tsayuwar aikin sanduna ce: guda uku a kewaye, an ɗaure da tsumma mai laushi a wuri biyu. Nauyinsa ya kusa kilo biyu, in yana motsi ƙananan saiwoyin da ke fitowa za su riƙa karyewa.

Mako uku bai ga ɗigon ruwa ba. A mako na huɗu aka zuba kamar cokali uku a gefen tukunyar, nesa da jikinsa, don ɗan danshin ya jawo saiwa, aka maimaita bayan kwana goma. Ɗumi tsakanin digiri 21 da 27 a ma'aunin Salsiyas shi ya fi taimakawa, a cikin sanyi abin yana tsayawa cik. A wannan lokacin kunyoyin sun ƙara motsewa, kuma dole a daure a ƙyale shi. A mako na shida da aka ɗan ɗaga shi a hankali sai aka ji ƙasar ta riƙe. Ba a tumɓuke don a gani ba. A mako na takwas aka yi masa ban-ruwa na farko cikakke, bayan kwana huɗu tamojin ya fara bajewa. Wannan ce shaidar da ta fi kowace, domin jikin da ba shi da saiwa ba ya kumbura.

Haske da ruwa daga nan gaba

Sabon mazauninsa bai wuce santimita 30 daga gilashin tagar da ta fi kowace samun rana ba, an kuma yaye labulen. A arewacin duniya taga mai kallon kudu ce ta fi, a kudancin duniya mai kallon arewa. Ana neman sa'a huɗu zuwa shida na rana kai tsaye. Amma ba a kai shi can a rana ɗaya ba. Fatar da ta yi wata 14 a duhu tana ƙonewa, ta yi farin tabo ko rawaya wanda daga baya ya zama ɓawo na dindindin. An fara da sa'a ɗaya ta hantsi na kwana huɗu, aka riƙa ƙara sa'a guda duk bayan kwana huɗu ko biyar, har mako uku. Duk mako biyu ana juya tukunyar rubu'in zagaye don kada ya karkata. An kuma nisanta shi daga bakin na'urar sanyaya ɗaki.

Tsarin ban-ruwa ya juye gaba ɗaya. Babu sauran ranar mako da aka ware. In za a ba shi, sai a zuba sosai har ya fito ta ramin ƙasa, a jira minti goma, a zubar da abin da ya taru a faranti. Daga nan ba ƙari sai ƙasar ta bushe har gindi. Ana gane hakan da dogon tsinken katako: a soka shi har ƙasa, a bar shi minti biyar, a zare. In ya fito da sanyi ko ƙasa ta manne masa, a jira. In ya fito a bushe, a ƙara kwana biyu ko uku sannan a ba shi. A lokacin zafi wannan ya kama kwana 10 zuwa 14. Da sanyi ya shigo, rana ta gajarta, ya koma sau ɗaya a mako biyar ko shida. Wanda ke da wuri mai sanyin digiri 10 zuwa 12 zai iya barinsa a bushe kusan duk lokacin, hutun nan kuma yana hana shi yin siririn girma a watannin ƙarancin haske.

Taki bai shiga ba sai bayan wata huɗu, shi ma na ruwa ne mai ƙarancin naitirojin, rabin ƙarfin da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya a wata a lokacin girma kaɗai. Naitirojin mai yawa yana ba da nama mai taushi mai cike da ruwa, irin wanda ruɓa da ƙwari ke so.

A wata na biyar aka ga wasu fararen ɗigo kamar auduga a cikin kwarin da ke tsakanin kunyoyi, kusa da kai. Ƙwarin nan ne masu farin gari da ke tsotsar ruwan tsiro, kuma sun fi kama wanda ya raunana. Suna saje da gurabun ƙaya, amma gurbi a kan kunya yake, a jere, su kuwa a warwatse suke a lungu. An dangwala auduga a sifirit aka bi su ɗaya bayan ɗaya da yamma, ba cikin rana ba, aka maimaita duk mako har sau uku saboda 'ya'yan da ke ƙyanƙyashewa daga baya. Ba a goge jikin gaba ɗaya ba, domin shuɗi-shuɗin kakin da ke kan fatar kariya ce daga rana, in ya goge kuma ba ya dawowa a wurin.

Bayan shekara guda ya ƙara santimita 11, sabon girman kuma kaurinsa ya kai 7, da ƙayoyi masu ƙarfi a kusa da juna. Sai dai wannan ya kawo matsalar da aka hango tun farko: kai mai nauyi a kan wuya mai kaurin santimita 4. A farkon lokacin girma na gaba aka yanke shi daidai inda sirancewar ta fara, a ɗan karkace don kada ruwa ya kwanta a kan raunin, aka barbaɗa farar wuta. Daga abin da aka cire an ware sabon kan mai kauri aka shanya shi don ya zama tsiro na biyu, siririn tsakiyar aka yar. Kututturen mai santimita 51 ya yi mako bakwai shiru, sannan gurabun ƙaya biyu da ke dab da bakin yankan suka kumbura, kowanne ya fito da ɗan koren ƙullutu kamar kan yatsa. An bar duka biyun, an kuma cire sandunan da ke tokare da shi.